Zaɓen sunan 'ya mace: abin da addini, al'ada da takardun hukuma ke buƙata daga iyaye

Hausawa na cewa suna linzami ne. A gidajen Hausawan da ke zaune a Kamaru, Cadi, Benin, Togo, Gana da Sudan, sunan da aka raɗa wa 'ya mace yana da aiki biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, wato haɗa ta da addininta da danginta. Na biyun yana cikin rajistar hukuma, inda ma'aikacin da sau da yawa ba ya jin Hausa zai rubuta sunan da haruffan Faransanci, Ingilishi ko Larabci. Wannan rubutun ne zai bi ta zuwa makaranta, ɗakin jarrabawa, ofishin fasfo da bakin iyaka. Yarinya ɗaya tana iya zama A'ishatu a bakin liman, Indo a tsakar gida, Aïchatou a takardar haihuwa, sannan Aisha a rajistar makaranta. Mutanen gida ba sa ruɗewa da wannan, amma ofis yana iya ɗaukar Aïchatou da Aisha a matsayin mutum biyu.

Ko a Nijar, inda kundin da hukumomi suka amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci na nan cikin harsunan aiki, kuma da tsarin rubutunsa aka cika rajistocin da ke ma'aikatun magajin gari. Saboda haka zaɓen suna ya ƙunshi tambayoyi uku: me yake nufi, sunan wa aka mayar, kuma yaya za a rubuta shi.

Ranar suna da yadda ake lissafa ta

Mafi yawan Hausawa Musulmi suna bin mazhabar Malikiyya, kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure daga Damagaram har Kumasi, ya yi bayanin yankan suna. Ana yin sa a rana ta bakwai. Idan an haifi jaririya bayan fitowar alfijir, ba a lissafa ranar haihuwar, sai a fara ƙirga daga washegari. Wannan ne ya sa wadda aka haifa ranar Talata da hantsi ake sunanta Talata mai zuwa, abin da ake cewa kwana ya zagayo. Idan kuwa an haife ta kafin alfijir, wannan ranar tana cikin lissafi, sai sunan ya faɗo ranar Litinin.

A Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa, rago ko tunkiya ko akuya, namiji aka haifa ko mace. Wasu mazhabobin, kamar Shafi'iyya da Hambaliyya, sun ce biyu ga namiji, ɗaya ga mace. Yankan abin so ne ga mai hali, kuma rashin rago ba ya hana yarinya samun suna. Ana kuma so a aske gashin kan jaririya, a yi sadaka da azurfa ko zinariya daidai nauyin gashin.

Ba dole ba ne a jira kwana bakwai kafin a san sunan. Hadisi ya nuna Annabi Muhammadu (SAW) ya sa wa ɗansa suna Ibrahim tun daren haihuwarsa, kuma Suratu Ali Imrana ta ba da labarin yadda mahaifiyar Maryam ta sa mata suna da haihuwarta. A al'adar Hausa ma akwai huɗuba, inda uba ko kaka ko malami ke yi wa jaririya kiran salla a kunne, sau da yawa ya raɗa mata sunan a nan, sai a ɓoye shi har ranar taro. Ranar suna da safe maza kan taru a ƙofar gida, a raba goro da dabino ko alewa, liman ya yi addu'a, maroƙi ko sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da sunan har matan cikin gida su ji su yi guɗa. Sunan da aka ambata lokacin yanka shi ake kira sunan yanka, kuma shi ne ainihin sunan yarinya.

Wa ke zaɓen suna

Malaman fiƙihu sun ce idan aka yi saɓani, haƙƙin zaɓe na uba ne, domin gare shi ake jingina yarinya. Sun kuma so ya shawarci matarsa. A al'ada, 'yar fari mace takan ci sunan mahaifiyar miji, ta biyu ta ci na mahaifiyar mata, daga nan a shiga goggonni, innoni da aminan arziki. Wannan shi ne mayar da suna, kuma wadda aka yi wa takwara takan ɗauki yarinyar tamkar tata, ta kawo kayan barka, wani lokaci ma ta riƙe ta bayan yaye.

A zangon da ke nesa da ƙasar asali, mayar da suna yana da ƙarin nauyi. Iyalin da kakanninsu suka baro Kano, Katsina ko Gobir da fataucin goro suka zauna a Salaga, Yawunde ko Kwatano, sau da yawa sunayen kakanni mata ne abin da ya rage musu na tarihin zuri'a, tun da ba a cika rubuta asalin mata ba. Inda aka yi auratayya da Fulani, Barebari, Dagomba, Zabarmawa ko Larabawan Shuwa, suna yakan zama hanyar girmama ɓangarorin biyu. Yawancin sunayen Musulunci iri ɗaya ne a waɗannan al'ummomi, lafazi ne kawai ya bambanta. Fatima ita ce Falmata a wurin Barebari, Fadimatu a wurin Fulanin Adamawa, Fatsuma ko Facima a Maraɗi da Damagaram.

Rikicin da aka fi samu shi ne uba ya yanke shawara shi kaɗai, mai jego ta ji sunan 'yarta daga bakin maroƙi kamar kowa. Maganinsa a tattauna tun ciki na wata bakwai ko takwas, a ware suna biyu ko uku na mace da na namiji, yadda ranar haihuwa ba za a yi gaggawa ba.

Inda aka fi samo sunan yanka

Rukuni mafi girma shi ne na matan gidan Annabi (SAW). Mahaifiyarsa Amina ce, wadda ta shayar da shi kuma Halima, da ake yi wa laƙabi da Sa'adiyya saboda ƙabilarta ta Banu Sa'ad. Cikin matansa akwai Khadija, wadda Hausawa ke kira Hadiza ko Hadizatu, sai Sauda, A'isha, Hafsa, Zainab, Ummu Salama wadda sunanta Hindu, Juwairiyya wadda ta zama Zuwaira, Ummu Habiba wadda sunanta Ramla, Safiyya da Maimuna. 'Ya'yansa mata huɗu ne: Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Fatima.

Sai sahabbai mata, irin su Asma'u 'yar Abubakar, Sumayya wadda ita ce ta fara yin shahada a Musulunci, Nusaiba, Khaula da Rufaida mai jinyar waɗanda suka ji rauni. Akwai kuma matan da suka gabaci zamanin Annabi: Hauwa'u, Saratu, Hajara, Asiya matar Fir'auna, Bilkisu sarauniyar Saba da Maryam. Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambaci sunanta ƙarara, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Rabi'atu kuwa ta yi fice saboda Rabi'atul Adawiyya, baiwar Allah ta birnin Basra.

Tarihin ƙasar Hausa ma yana ba da suna. Amina tana tuna wa mutane sarauniyar Zazzau. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubuce-rubuce da Larabci, Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka. Tagwaye aka haife ta tare da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai sa mata sunan tagwaye da aka saba ba, ya zaɓa mata Asma'u. Har yau iyaye masu burin 'yarsu ta yi ilimi suna sa wannan suna da ita a zuciya.

Hausawa Kirista kuma suna da nasu rukunin daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, kamar Rahila, Rifkatu, Hannatu, Saratu, Lai'atu, Alisabatu da Maryamu. Sukan kuma ɗauki kalmar Hausa tsantsa su mayar da ita suna: Alheri, Godiya, Murna, Salama, Ƙauna.

A san ma'ana kafin a yanka rago

Annabi (SAW) ya canza wa mata sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba. 'Yar Umar ɗan Haɗɗabi tana da suna mai nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Wannan sunan da harafin ain da sad ake rubuta shi a Larabci, kuma ya bambanta da Asiya matar Fir'auna, ko da yake a bakin Bahaushe kusan lafazinsu ɗaya ne. Ya kuma canza sunan Barra, wanda ke ɗauke da yabon kai, zuwa Zainab ga wata, zuwa Juwairiyya ga wata. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: a guji suna mai mummunar ma'ana, da sunan da ya keɓanta ga Allah, da wanda ke nuna bauta ga wanin Allah. Inda ake ce wa namiji Abdullahi, mace Amatullahi ce.

Ga ma'anar wasu sunaye da aka fi sawa. A'isha na nufin rayayya. Halima mai haƙuri ce da juriya. Safiyya zaɓaɓɓiya ce, Habiba abar ƙauna, Jamila kyakkyawa, Nafisa mai daraja da tsada, Nabila mai girma da mutunci, Zakiyya tsarkakakkiya. Sakina natsuwa ce, Rahma jin ƙai, Bushra albishir, Huda shiriya. Fatima ta fito daga kalmar yaye, Khadija kuma asalinta jaririyar da aka haifa kafin cikar wata tara. Darajar waɗannan biyun daga matan da suka ɗauke su ta zo, abin da ke nuna tarihin suna yakan rinjayi ma'anarsa ta ƙamus.

A 'yan shekarun nan sunaye irin su Amal, Iman, Ilham, Hanan, Afnan da Amira sun yawaita, ta hanyar tashoshin tauraron ɗan'adam, fina-finai, karatu a ƙasashen Larabawa da kafofin sada zumunta. Yawancinsu ma'anarsu mai kyau ce: Amal fata, Iman imani, Ilham ilhama, Hanan tausayi, Afnan rassan itatuwa, Amira shugaba ko gimbiya. Haɗarin yana ga ɗauko kalma saboda daɗin lafazi, ko saboda an gan ta cikin Alƙur'ani. Kasancewar kalma cikin Alƙur'ani bai sa ta dace da suna ba. Hawiya da Laza sunayen wuta ne, Zaniya kuma mazinaciya take nufi. Jerin sunaye na intanet ma cike suke da fassarar da ba ta da tushe. Kafin a tsayar da baƙon suna, a kai shi wurin malamin da ya san Larabci, ya rubuta shi da haruffan Larabci, ya faɗi tushensa.

Alkunya da sunan da ake kira a gida

Bahaushiya ba ta faɗin sunan surukarta, kuma a al'ada ba ta kiran sunan 'yar farinta. Idan yarinya ta ci sunan kakarta, dole a nemo abin da za a riƙa kiranta da shi. Daga nan aka samu Ummi, Mama, Inna, Iya, Uwani, Nana, Hajiya, sai Walida a wannan zamani, wadda ita ma mahaifiya take nufi da Larabci.

Wasu sunayen kuma suna da laƙabin da ya manne musu tun da daɗewa. A'isha ita ce Indo, A'i, Shatu ko Humaira. Fatima ita ce Binta, Fati ko Zahra'u. Hadiza ita ce Dije ko Kubura. Hauwa'u ita ce Kulu ko Jidda. Zainab ita ce Abu, Maryam Mairo, Ruƙayya Rakiya, Asma'u Ma'u, Bilkisu Balki, Ummu Kulsum kuma Kaltume. Bahaushe ya ji Binta ya san Fatima ake nufi. Ma'aikacin rajista a Duwala ko Lome bai san haka ba, kuma a wurinsa Binta da Fatima sunaye biyu ne.

Sau da yawa laƙabi yakan danne sunan yanka har yarinya ta girma maƙwabta ba su san shi ba. Wannan ba laifi ba ne a gida. Matsalar tana farawa ne ranar da goggo ta kai ta allurar rigakafi ko yayarta ta kai ta makaranta, aka tambayi suna, aka ba da laƙabi.

Sunayen gargajiya

Kafin sunayen Larabci su mamaye, Hausawa na sa suna ne bisa rana, lokaci ko yanayin haihuwa, kuma waɗannan sunaye suna nan a matsayin suna na biyu. Wadda aka haifa ranar Lahadi ita ce Ladi ko Ladidi, Litinin Altine, Talata Talatu, Laraba Balaraba ko Larai, Alhamis Lami, Juma'a Jummai, Asabar kuma Asabe. Maƙwabta ma sun ari waɗannan sunaye. Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane da hotonta ke kan takardar naira 20, Bagwariya ce. A Gana tsarin ya haɗu da na Akan, waɗanda su ma ke sa suna bisa rana, inda Jummai take daidai da Afua, Asabe da Ama, Ladi da Akosua.

Azumi ita ce wadda aka haifa cikin watan Ramadan, Tasalla lokacin salla, Marka kuma a tsakiyar damina. Tagwaye mata Hassana da Husaina ne, mai bi musu Gambo. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU da aka haifa a 1933, wadda mahaifinta ɗan asalin Gana ne, sunanta na yanka Hajaratu, kuma ta zama Gambo ne saboda ta biyo bayan tagwaye. Macen da ta zo bayan maza a jere ita ce Kande ko Delu, ta ƙarshe kuma Auta.

Akwai sunayen da ke ɗauke da tarihin baƙin ciki. Matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana, wadda ake cewa tana wabi, akan sa wa jaririyarta Ajuji, Ayashe ko Abarta, da nufin nuna kamar ba a damu da ita ba ko a roƙa a bar ta ta rayu. Irin waɗannan sun ja baya, domin malamai sun yi suka ga camfin da ke bayansu, kuma yarinya takan sha tsokana da su a makaranta. Sunayen rana da na lokaci ba su da wannan matsala. Ga iyalin da 'ya'yansu ke tasowa da Faransanci ko wani harshe a waje, Talatu ko Asabe alama ce da ke nuna asalin yarinya duk inda ta shiga.

Suna ɗaya, rubutu iri-iri

Rubutun Faransanci yana da ƙa'idojinsa, kuma su ne suka sauya kamannin sunayen Hausa a Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da Togo. Wasalin u yakan koma ou, shi ya sa Ramatu ta zama Ramatou. Sh yakan koma ch, kamar a Aïchatou da Chamsia. J yakan koma dj, kamar a Djamila da Hadjara. C na Hausa yakan koma tch, kamar a Fatchima. W yakan ɓace cikin ou, Hauwa ta zama Haoua. Harafin s guda ɗaya tsakanin wasula biyu z ake karanta shi a Faransanci, don haka ake ninka shi a Nafissa da Balkissa. Ai kuma e ake karanta shi, sai a ɗora ɗigo biyu a kan i kamar a Maïmouna, ko a rubuta Zeinabou. Sunan da ya ƙare da n akan ƙara masa e don kada a karanta shi ta hanci, kamar Imane da Yasmine.

Kowace ƙasa kuma da nata salon. A'isha ita ce Aïchatou a Nijar, kamar sunan tsohuwar ministar harkokin waje Aïchatou Mindaoudou, Aïssatou a arewacin Kamaru, Achta a Cadi, Ayishetu a Gana, Aisha a Najeriya. Husaina takan zama Fuseina a Gana, Ousseina a Nijar. A Kamaru, inda Faransanci da Ingilishi duka harsunan hukuma ne, ana iya samun salon biyu a gida ɗaya. A Cadi Faransanci da Larabci ne. A Sudan, inda Hausawa ke zaune a garuruwa irin su Mai Wurno, Gadarif da Kasala, da Larabci ake rubutawa, kuma ana jera suna huɗu: na yarinya, na uba, na kaka da na kakan uba.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, ba su cikin yawancin na'urorin rajista. A layuka biyu na ƙasan shafin fasfo da na'ura ke karantawa, haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi kawai ake sawa, don haka ɗigo biyu na Aïcha da alamar ɗauri ta Asma'u duk faɗuwa suke yi. Babu salon da ya fi wani inganci a idon doka. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa.

Fom ɗin Faransanci yana da gurbi biyu, nom da prénom. Bahaushe kuwa ya saba da sunan yarinya, sai na uba, wani lokaci da na kaka. Idan iyaye ba su fayyace ba, a wata takardar sunan uba ya shiga gurbin nom, a wata kuma sunan yarinyar ya shiga. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sukan tashi da sunan iyali daban-daban, abin da kan jawo tambayoyi wajen rabon gado, neman biza ko tabbatar da zama ɗan ƙasa. Ya kamata uba ya tsayar da sunan da dukan 'ya'yansa za su ɗauka, a rubuta shi yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, harafi da harafi.

Takardar haihuwa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 7, ta ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin suna da na zama ɗan ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ta maimaita haka a sashe na 6. Kowace ƙasa ta sa wa'adinta. A Nijar dokar 2019 ta ba da kwana 60. A Kamaru kwana 90 ne, kuma hukumar BUNEC ke sa ido kan tsarin. A Gana rajista kyauta ce kafin yaro ya cika wata 12. A Cadi hukumar ANATS ce ke kula da takardun shaida, a Benin ANIP, a Najeriya kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar da asibiti ya bayar a matsayin takardar haihuwa. Ita sanarwa ce kawai, sai an kai ta ofishin rajista a fitar da ta ainihi. Da yake ana sallamar mai jego kafin ranar suna, gurbin suna yakan zauna babu komai, hidimar suna da wankan jego su ɗauke hankali, wa'adi ya wuce. Daga nan sai an bi ta kotu a samu hukuncin da zai maye gurbin takardar, wanda a Kamaru da wasu ƙasashe ake kira jugement supplétif, da kuɗi da shaidu da zirga-zirga. Hukumomi kan shirya zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka don rage wannan wahala, amma ba kullum ake yin sa ba.

Ga 'ya mace abin ya fi tsanani. A arewacin Kamaru rashin takardar haihuwa na cikin dalilan da ke hana ɗalibai zama jarrabawar CEP ta ƙarshen firamare, kuma yarinyar da karatunta ya tsaya a nan ta fi fuskantar a aurar da ita da wuri. Ba tare da takarda ba, babu hujjar shekarunta a gaban hukuma. Ga Hausawan da ke zaune a matsayin 'yan tsiraru, waɗanda a wasu wurare ake yi wa kallon baƙi ko da kakanninsu a nan aka haife su, takardar haihuwa ita ce hujja ta farko da ake nema kafin a ba da katin ɗan ƙasa.

Gyaran suna bayan an rubuta shi yana yiwuwa, amma da wahala. A ƙasashe masu bin tsarin Faransa sai an nemi gyara ta hanyar shari'a. A Najeriya ana yin rantsuwa a kotu a buga sanarwa a jarida, a Gana kuma a buga a gazet ta gwamnati. Aure ba ya canza sunan da ke takardar haihuwa, ko da ana kiran mace Madam wane, kuma Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa jingina 'ya'ya ga iyayensu maza.

Abin da ya kamata a yi kafin ranar suna da bayanta

Tun ran gini tun ran zane. Uba da uwa su daidaita kan suna kafin haihuwa, su sanar da kakanni idan mayar da suna za a yi. A tabbatar da ma'anar sunan a wurin masani. A furta shi haɗe da sunan uba, a kuma ji yadda yake fita a harshen garin da ake zaune, domin kalma mai kyau a Larabci tana iya yin kama da abin dariya ko zagi a wani harshe.

A rubuta sunan a takarda da manyan haruffa, da salon ƙasar da yarinya za ta yi karatu, a miƙa wa ma'aikacin rajista maimakon a faɗa masa da baki. Kafin a bar ofis a karanta abin da ya rubuta: sunan yarinya, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa da jinsi. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya iya. Idan ana son laƙabi irin Ummi ko sunan rana irin Jummai ya shiga takardu, a sa shi tun farko a matsayin suna na biyu.

Daga nan duk inda za a rubuta sunan yarinya, katin rigakafi ne, makarantar boko, Islamiyya ko fasfo, a kwafe shi daga takardar haihuwa. A ajiye ta asali a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba, a yi kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya. Iyalin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe biyu, kamar Maraɗi da Katsina ko Garwa da Yola, su riƙe salon rubutu ɗaya a ɓangarorin biyu, ko da malamin makaranta ya ce ba haka ake rubuta shi a nan ba.